Tsohuwar tatsuniya a sabon littafin soyayya: ina daɗin yake, kuma wanne ya dace da 'yar shekara 15?

Tambaya: Ƙanwata 'yar shekara 15 ta kamu da karatun littattafan matasa na Turanci, irin waɗanda ake ɗauko tsohuwar tatsuniya kamar ta Sindarela a mayar da ita dogon labarin soyayya da sihiri. Ni na kasa gane daɗin karanta labarin da mutum ya riga ya san ƙarshensa. Shin wannan ba satar fasaha ba ce? Kuma ta yaya zan gane wanda ya dace da shekarunta?

Amsa:

'Yar'uwa, bari in fara da maganar sata, don ita ce mai gajeren bayani. Ba sata ba ce. Haƙƙin mallakar rubutu yana da wa'adi, a yawancin ƙasashen Turai shekara 70 ne bayan rasuwar marubuci. Charles Perrault, Bafaranshen da ya buga Sindarela mai takalmin gilas a 1697, ya rasu tun 1703. Jacob da Wilhelm Grimm, wa da ƙani daga Jamus, sun fitar da kundinsu na farko a 1812. Hans Christian Andersen na ƙasar Danmak ya rasu a 1875. Labaransu sun daɗe da zama dukiyar kowa. Abin da marubuci ba zai taɓa ba shi ne ƙarin da kamfanin Disney ya yi a finafinansa, kamar sunayen da ya raɗa wa wadanni bakwai na labarin gimbiya Snow White a 1937, ko Gaston, mafaraucin nan mai ji da kansa na fim ɗin Kyakkyawa da Dodo na 1991. Waɗannan suna da mai su, kuma ba ya wasa da su.

Su ma waɗancan magabatan tarar da labaran suka yi. A ƙasar Sin, tun ƙarni na 9 aka rubuta labarin Ye Xian, marainiyar da matar ubanta ta kashe kifin da take kiwo, ƙasusuwan kifin suka samar mata tufafi da takalmin zinariya, takalmin ya faɗa hannun wani sarki. A birnin Naples na Italiya, cikin kundin Giambattista Basile da ya fara fitowa a 1634, yarinyar sunanta Zezolla, kuma da hannunta ta karya wuyan matar ubanta ta farko da murfin akwati. A wajen su Grimm, ɗaya daga cikin 'yan matan gidan ta yanke babban yatsan ƙafarta, ɗayar ta sare diddige, don dai takalmin ya shiga, sai tattabaru suka tona musu asiri da jinin da ke zuba. Kai, su Grimm ɗin ma ba su bar nasu rubutun ya huta ba. A bugun 1812 uwar da ta haifi Snow White ce ke neman ranta saboda kishin kyau. A bugun 1819 suka mayar da ita matar uba, don abin ya yi musu nauyi. Haka suka yi ta gyara har bugu na bakwai a 1857. Masana tatsuniya ma lamba suke ba wa kowane irin labari, bisa tsarin da Antti Aarne na Finlan ya fara a 1910, kuma duk dangin Sindarela suna ƙarƙashin 510A. To wanne ne na asali da za a ce an ɓata?

Yanzu maganar daɗi, wadda ita ce zuciyar tambayarki.

Ki samu tatsuniyar Perrault ki karanta, 'yan shafuka ne kawai. Za ki ga tana gaya miki abin da ya faru, amma ba ta gaya miki dalili. Uban yarinyar yana raye, me ya hana shi magana? Ita kuma me ya zaunar da ita tana shan wulaƙanci? Yariman ko suna ba shi da shi. Dare biyu suka yi rawa, ya ce ita yake so, amma sai da takalmi ya iya gano ta, kamar bai taɓa kallon fuskarta ba. A wata tatsuniyar tasa kuma, gimbiyar da ta yi barcin shekara 100 ta buɗe ido ta ga baƙon namiji a kanta, a ranar aka ɗaura aure. Tatsuniya ba ta damu da wannan ba, don da baki ake faɗinta cikin 'yan mintuna, kuma mutanen cikinta ba su da ciki, matsayi kawai gare su: marainiya, yarima, muguwa. Marubucin littafi mai shafi 400 kuwa ba shi da wurin ɓuya. Dole ya shiga waɗannan ramukan ya cike su, kuma ramin da ya fi kowanne zurfi shi ne: me ya sa ta so shi? Shi ya sa soyayya ta mamaye wannan fanni. Ba ado aka liƙa wa labarin ba, gurbin da aka bari ne tun farko.

Mai karatu ya san ƙarshe, haka ne. Amma tambayarsa ta tashi daga "me zai faru" ta koma "ta wace hanya, kuma don me". Kamar waƙar da kika haddace ce wani mawaƙin ya sake rera ta: baitocin ba sababbi ba ne, kunnenki yana jiran inda zai karya murya daban. Ƙanwarki tana karatu tana lissafi, ina takalmin zai ɓullo, wace ce aljanar da za ta taimaka, me zai tsaya a madadin ƙarfe 12 na dare.

Ga misali a kusa. A *Cinder* na Marissa Meyer, wanda ya fito a 2012, yarinyar bakanikiya ce a kasuwar wani birni na zamani mai zuwa da ake kira Sabon Beijin. Hannunta ɗaya da ƙafarta ɗaya na ƙarfe ne, kuma dokar ƙasar tana ɗaukar irinta kusan kayan mallakar mai riƙonta. Labarin ya buɗe tana zaune a rumfarta tana kokawa da wani noti mai tsatsa a idon sawunta, tana son cire tsohuwar ƙafar da ta yi mata kaɗan tun tana ƙarama. A haka yarima Kai ya iso a ɓoye da na'urarsa mai siffar mutum da ta lalace. Ta ɓoye guntun ƙafar a bayan tebur, hannun kuma kullum yana cikin safa. Duk kusancin da ke ƙaruwa tsakaninsu a kan wannan ɓoyon aka gina shi. Kabewar da ta zama keken doki a tsohon labari ta koma wata tsohuwar mota mai ruwan kabewa da ta tsinto a juji ta gyara da kanta. Ranar rawar fada ta faɗi a kan matakala, ƙafar ƙarfen ta fice a gaban jama'a, yarima yana kallo. Ki lura da abin da marubuciyar ta yi: a tsohuwar tatsuniya abin da aka yar a matakala shi ke tabbatar da darajar yarinya, a nan kuwa shi ya tona abin da take jin kunyarsa. Littafin bai ƙare da biki ba, a kurkuku ya bar ta. Wanda bai san Sindarela ba zai ji daɗin wurin, amma rabin daɗin kawai zai samu.

Wanda na fi yawan ba ɗalibai misali da shi kuwa shi ne *Ella Enchanted* na Gail Carson Levine, na 1997, wanda ya samu yabon lambar Newbery ta littattafan yara a Amurka a 1998. Marubuciyar ta ɗauki tambayar nan ta me ya zaunar da yarinyar, ta ba ta amsa mai ban tsoro cikin raha. Ranar haihuwar Ella wata aljana marar tunani ta yi mata kyautar biyayya, watau duk umarnin da aka ba ta dole ta bi, ko da na cutar da kanta ne. Tana son yarima Char, sun daɗe suna musayar wasiƙu, sun san halin juna, suna ba juna dariya. Amma ta gane in ta aure shi, duk maƙiyin da ya san sirrinta zai iya umartarta ta ci amanarsa ko ta kashe shi. Sai ta rubuta masa ƙarya don ya tsane ta. A ƙarshe da ya ce ta aure shi, maganar ta zo mata a matsayin umarni, jikinta na jan ta zuwa "to", ita kuwa ta dage ta ce a'a don ta tsare shi. Wannan a'ar ce ta karya bakin da aka yi mata. Bayan nan ne ta amince, da ra'ayin kanta. Littafin yara ne, 'yar shekara 10 ma za ta karanta, amma ban san wani da ya fi shi fahimtar matsalar tatsuniyar ba: amincewar wadda ba ta da ikon ƙi ba amincewa ba ce.

Da wannan ma'aunin nake auna sauran, kuma inda gizo ke saƙar shi ne labarin Kyakkyawa da Dodo, wanda ke cikin waɗanda aka fi sake rubutawa a wannan fanni. Gabrielle-Suzanne de Villeneuve ce ta buga shi da tsawo a Faransa a 1740, sannan Jeanne-Marie Leprince de Beaumont, wadda ke koyar da 'ya'yan masu hali a Ingila, ta taƙaita shi a 1756 cikin littafin tarbiyyar 'yan mata. Masana da dama suna ganin labarin lallashi ne ga yarinyar da za a aurar ga wanda ba ta sani ba, mai yiwuwa ya girme ta nesa. Uba ya tsinki fure a lambun dodo, 'yarsa ta tafi a madadinsa. Tsarewa ce, babu wani suna da za a sa mata. Amma a rubutun Beaumont akwai abu biyu da ke riƙe da labarin. Kowane dare bayan cin abinci dodon yana tambayarta ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya yi ajiyar zuciya ya tafi, bai taɓa ta ba. Sannan da ta nemi zuwa ganin mahaifinta ya bar ta ta tafi, alhali ya san in ba ta dawo ba mutuwa zai yi. Ta dawo da ƙafarta.

Robin McKinley ta riƙe waɗannan biyun a littafinta *Beauty* na 1978, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka buɗe wannan hanya. Yarinyarta ba ta ɗauki kanta kyakkyawa ba, littattafai da dokinta ne a gabanta, yayyenta kuma mutanen kirki ne, ba mahassada ba. Soyayyar tana tafiya a hankali, ta hira da karatu, har mai gaggawa ya ƙosa. Waɗanda suka biyo baya da yawa sai suka yar da sakin suka riƙe kejin. Namijin yana daka tsawa, yana kulle ƙofa, yana kishin duk wanda ya kalle ta, littafin kuma yana raɗa wa mai karatu cewa tsananin so ne. Daga baya a fito da wani tsohon asiri da aka yi masa a ce ai ba laifinsa ba ne. Wannan dabarar ta asiri ita ce ƙofar da ragon marubuci ke bi ya fice, don tana wanke namijin ba tare da ya canja komai a halinsa ba, aikin gyaran kuma ya koma kan yarinyar.

Ko littattafan da nake yabo ba duka suka tsira ba. *The Wrath and the Dawn* na Renée Ahdieh, na 2015, ya ɗauko ƙashin bayan Dare Dubu da Ɗaya. Khalid, matashin halifan Khurasan, yana auren budurwa kowane dare a kashe ta da asuba. Shahrzad ta miƙa kanta don ta rama kisan aminiyarta. Rubutun yana da kyau, fadar da kasuwar kamar kina ciki. Amma zuciyarta ta karkata gare shi tun kafin ta san dalilin kashe-kashen, kuma da dalilin ya fito, asiri ne. Ni a ganina 'yan matan da suka mutu sun cancanci fiye da haka daga littafin. Brigid Kemmerer ta fi taka-tsantsan a *A Curse So Dark and Lonely* na 2019, nata salon labarin Kyakkyawa da Dodo. Jarumar, Harper, 'yar birnin Washinton ce, an haife ta da lalurar da ke sa ta ɗingishi, kuma ta faɗa hannun masu ɗauke mutane ne garin ƙoƙarin ceton wata. Tun isarta take neman hanyar gudu, ba ta ɓoye wa yariman cewa sato ta aka yi, kuma babu wani sihiri da ya zo ya "gyara" mata ƙafa kafin ta cancanci a so ta.

A 'yan shekarun nan marubuta da yawa sun fitar da labaran daga dazuzzukan Turai. A *Skin of the Sea* na 2021, Natasha Bowen ta kai 'yar ruwan Andersen gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, ta haɗa ta da Mami Wata da abubuwan bautar Yarabawa na gargajiya, aikin jarumar shi ne tattara rayukan waɗanda aka jefa teku daga jiragen bayi. A shekarar dai Elizabeth Lim ta fitar da *Six Crimson Cranes*, inda yayyen gimbiya Shiori shida suka zama gauraki, ita kuma aka kifa mata akushi a ka ya rufe rabin fuskarta, aka ce duk kalmar da ta furta ɗaya daga cikinsu zai mutu. Wannan ya burge ni ta fuskar sana'a. An ƙwace mata kyau, an ƙwace mata murya da sarauta, watau duk abin da yariman tatsuniya ke so a mace, don haka dole saurayin ya so ta a kan abin da ya ga tana aikatawa. Shi ne kuma wanda aka yi mata baiko da shi tun farko ta guje masa.

Sai tambayarki ta ƙarshe, kuma a nan ina so ki buɗe ido, don bangon littafi ba ya faɗin gaskiya. Rukunin littattafan matasa ana nufin 'yan shekara 12 zuwa 18 ne, amma wani bincike da kamfanin Bowker ya yi a Amurka a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayensu sun kai 18 ko sun wuce. Kamfanonin ɗab'i sun san wa ke biyan kuɗin, don haka wasu littattafan suka riƙa matsawa sama. Babban misali shi ne *A Court of Thorns and Roses* na Sarah J. Maas, na 2015, wanda shi ma daga Kyakkyawa da Dodo ya taso. A kantar matasa aka fara sayar da shi, amma jerin yana da bayanin kwanciya ƙarara, musamman daga littafi na biyu, har kamfanin Bloomsbury ya sake fitar da shi da sabon bango a rukunin manya a 2020. Yana kuma cikin waɗanda aka fi tallatawa a TikTok, don haka da wuya a ce ƙanwarki ba ta ji sunansa ba. Ba na 'yar shekara 15 ba ne. Haka *Daughter of the Forest* na Juliet Marillier da *Deerskin* na McKinley ɗin nan dai: rubutu ne mai daraja, amma na manya ne, dukansu akwai fyaɗe a ciki. Sunan marubuciyar da kika yarda da ita a littafi ɗaya ba lasisi ba ne ga sauran littattafanta.

Akwai alamomin da ke taimakawa. Ki duba shekarun jarumar: in 16 ce ko 17, galibi na matasa ne, in ta kai 19 zuwa sama, ki ƙara bincike. Kamfanoni da yawa suna rubuta 12 zuwa sama ko 14 zuwa sama a bayan littafi ko a shafinsu na intanet, kuma tazarar da ke tsakanin biyun ba ƙarama ba ce. Shafin Common Sense Media yana fayyace abin da ke cikin littattafai da dama ta fuskar tashin hankali da kalamai da al'amuran jiki. Ki kuma sani wasu, kamar *Ash* na Malinda Lo na 2009 da *Cinderella Is Dead* na Kalynn Bayron na 2020, soyayyar cikinsu tsakanin mace da mace ce, wasu kuma kamar na Bowen an gina su a kan alloli da ruhohin wata al'ada. Gara ki san wannan kafin littafi ya shigo gida, ki yanke hukunci bisa tarbiyyar gidanku, da ki tsinci labarin a tsakiya.

In ni ce zan zaɓa mata, zan fara da *Ella Enchanted* da *Beauty*, sai *The Goose Girl* na Shannon Hale na 2003, labarin gimbiyar da baiwarta ta ƙwace mata suna da matsayi a hanyar kai ta gidan miji, ta koma kiwon dinya tana koyon tsayawa da ƙafarta. Sai *Six Crimson Cranes* da *Cinder*. A waɗannan soyayyar ba ta wuce riƙe hannu da sumba ba, sai dai akwai annoba da kisa da zalunci, don tatsuniya dama ba ta taɓa rasa jini ba. Na Ahdieh kuwa ki fara karantawa da kanki, don ma'aurata ne tun shafukan farko kuma littafin bai ɓoye hakan ba.

Abin da ya fi tace littattafai amfani shi ne ki shiga karatun da ita. Tsofaffin tatsuniyoyin suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg, kowace ba ta wuce zama ɗaya ba. Ku karanta ta Andersen ta 1837, inda aka yanke wa 'yar ruwa harshe, kowane taku kamar a kan wuƙa, yariman kuma ya auri wata. Sannan ki tambaye ta me sabon littafin ya canja, kuma me ya sa. Ki tambaye ta ko jarumar za ta iya cewa a'a ta kwana lafiya, ko tana da wani abu a rayuwarta ban da shi, ko shi ya gyara halinsa da kansa ko ita aka ɗora wa aikin. 'Yan shekara 15 suna da kaifin gane waɗannan abubuwa fiye da yadda manya ke zato, in dai an tambaye su ba da sigar tuhuma ba.

In kuma ta fara *Cinder*, ki shirya aljihunki, don labarin bai ƙare a nan ba. Manyan littattafai huɗu ne, *Scarlet* a 2013, *Cress* a 2014, *Winter* a 2015, kowanne da tatsuniyar da ya ɗauko, kuma na ƙarshen shi kaɗai ya haura shafi 800.